Jan Bik na Kawu Issufu

Duk wanda ya san Kawu Issufu, mai jaridar nan ta tonon asiri da ake sayarwa ran kasuwar Magarya, ya san jan bik ɗinsa na rubutu a bayan kunne da maganarsa guda: "Sai mai shi ya ji." Ba ya buga labarin kowa sai ya je har ƙofar gida ya karanta masa. Kai, Kawu!

Ni 'yar ƙanwarsa ce, na ga abubuwa. Ya taɓa hawa moto har Guci don ya karanta wa wani ɗan kasuwa cewa yana zuba yashi a buhun gero. Mutumin ya saurara tsaf, ya ce, "Ƙarya ne, Malam Issufu! Ƙaiƙayi nake sawa." Kawu ya zaro bik ya gyara, har da godiya.

Ko babana bai tsira ba. Da akuyarmu ta cinye waken maƙwabci, Kawu ya zo ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya zaro takarda.

Baba ya ce, "Haba Yaya, da tuwona a cikinka?"

Ya ce, "Ya yi daɗi kuwa. Shi ma zan rubuta."

Sau ɗaya ya karya dokarsa. Damina ce, ruwa ya yanke hanyar Sassumbrum, garin Iya Rabi mai man gyaɗa, sai ya buga, ba tare da ya je ya karanta mata ba, cewa tana gauraya man gyaɗarta da gurɓataccen mai. Ashe sharri aka kawo masa. Masu saye suka watse, ga ta mace mai riƙon marayu. Ya je ya karanta mata neman gafara, ta shige ɗaki ta saki labule. Tun daga nan, kowace fitowa, shekara da shekaru, akwai layi guda a shafin farko: "Man Iya Rabi mai tsabta ne. Issufu ne ya yi ƙarya."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce min, "Hadiza, ta ji kuwa?" Ciwon nan ne ya zama ajalinsa.

Ran sadakar uku sai ga Iya Rabi, tana dogara sanda. Ta ce, "'Yata, ban taɓa bari ya karanta min ba. Ke karanta." Na karanta mata layin nan na shafin farko. Da na gama, ta ce, "Na ji. Na yafe masa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, wannan labarin ka sa mai shi ya ji.