Safiyar da Ɗan Damben Tsibiri Ya Ɓace

Duk tsawon aikina a sashen wasanni na ƙaramar hukuma, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar safiyar da ɗan damben da aka ba ni amana ya ɓace. Tunda ku ma an fara tura ku rakiyar 'yan wasa, bari ku ji yadda abin ya faru.

A lokacin ina mataimakin jami'in wasanni a nan Mubi. Ƙasar nan ta karɓi baƙuncin wata gasa ta Afirka, irin wadda ake haɗa guje-guje da iyo da dambe da kokawa a wuri ɗaya, sai aka nemi ma'aikata masu jin Faransanci. Ni ba a makaranta na koye shi ba, a kasuwar shanu da bakin iyakar Kamaru na tsince shi ina bin mahaifina. Da wannan guntun Faransancin aka ɗauke ni jami'in rakiya, aka tura ni babban birnin da ake gasar. Aikin shi ne a haɗa ka da tawagar ƙasa ɗaya, kai ne bakinsu, kai ne ƙafarsu. Motarsu da abincinsu da lokacin wasansu duk suna wuyanka, kuma in wani abu ya same su kai za a fara tambaya.

Ni aka ba ni wata 'yar ƙaramar ƙasa ta tsibiri da sai da na duba taswira kafin na gan ta. Abokan aikina na fama da manyan motoci, ni kuwa ƙaramar bas ɗaya ke kwashe tawagata har da sauran wurin zama. Shugabarsu Madam Rukiya ce, tsohuwar malamar firamare, kuma ita ce mai ɗinke musu riga in ta yage. Fatansu duka yana kan ɗan dambensu, Sayid, wanda a gida masunci ne. Mutum ne marar yawan magana, Faransancin ma kaɗan yake ji, sai yarensu.

A damben zamani kowa da ajinsa na nauyi. Safiyar ranar karawa ake hawa sikeli a gaban alƙalai da likita. In ka haura ko da kaɗan ne, ko kuwa aka rufe awo ba ka zo ba, an cire ka ke nan, ba roƙo. Sayid kuma abincin sansanin 'yan wasa ya karɓe shi, ya ɗan haura.

Da gari ya waye na je ɗakinsa in tafi da shi wurin awo. Na tarar da ƙofa a buɗe, wayarsa a kan gado, katin shaidarsa na gasa a rataye, shi kuwa ba ya nan. Na duba masallaci, na duba ɗakin motsa jiki da wurin cin abinci, ba labari. Dole na kai maganar wurin shugaban tsaron sansanin, Oga Sambo, tsohon sufeton 'yan sanda.

Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Ya gudu. Ba yau aka fara ba. Su zo da sunan wasa, su shige gari neman aiki."

Ƙa'ida ita ce, in ɗan wasa ya gudu, a sanar da jami'an shige da fice, a soke katinsa, a kai ƙarar ƙasarsa wurin masu shirya gasa. Da na fassara wa Madam Rukiya, sai ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, "Malam Adamu, shekara da shekaru nake roƙo kafin a yarda mu zo. In labari ya je gida cewa ɗanmu ya gudu, ba za a ƙara turo kowa ba. Sayid ba zai gudu ba, matarsa na da tsohon ciki."

Ni kaina a lokacin ban san wa zan gaskata ba. Amma na ce wa Oga Sambo, "Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri zuwa a rufe awo."

Ya dube ni ya ce, "To. In aka rufe bai dawo ba, da sunanka zan fara rahoton."

Na bi ƙofofin sansanin ina tambaya. A ƙofar baya mai gadi ya ce bayan asuba ya ga wani ya fita da gudu cikin ƙatuwar rigar sanyi, ya ɗauka motsa jiki yake yi. Nan na gane. 'Yan dambe kan naɗe jikinsu da leda, su manne ta da salatif, su ɗora riga mai kauri su yi ta gudu, don gumi ya rage musu nauyi. Sayid ya fita zubar da gumi ne, ya ɓata a garin da ba ya jin yaren kowa.

Na tuna da Hamman, mutumin Digil kusa da Mubi, wanda muka zauna layi ɗaya da iyayensa a unguwar Lokuwa, yana tuƙa keke napep a birnin. Na kira shi.

Ya ce, "Kawu, lafiya da sassafe?"

Na ce, "Ba lafiya ba. Baƙona ya ɓata. Dogo ne, baƙi, yana gudu da rigar sanyi. Ka tambayar mini 'yan uwanka masu keke."

Ba a daɗe ba ya kira ni, muryarsa ta canza. "Kawu, ka fito titi yanzu, ga ni nan zuwa. An tare wani mutum a bakin kasuwa, an ce yana da abu ɗaure a jikinsa."

Ku da kuka zauna a Mubi shekarun baya ba sai na faɗa muku abin da wannan magana ke nufi ba. Mun san tsoron nan na 'yan ƙunar baƙin wake, mun kuma san abin da jama'a ke yi in ya kama su. Ina cikin keken Hamman ina ta salati.

Mun isa muka tarar da taro. Wasu sun ja baya can nesa, wasu samari kuwa riƙe da duwatsu da guntayen katako sun kewaye wata rumfar facin taya. A bakin rumfar wani dattijo ne tsaye, ya buɗe hannuwansa ya tare ƙofa. A bayansa na hango Sayid zaune a kan tsohuwar taya, rigarsa a buɗe, baƙar leda da salatif a fili, idanunsa sun faɗa.

Na ɗaga katina sama ina ihu. "Jama'a, baƙon gwamnati ne! Ɗan dambe ne, wasa ya zo yi!"

Wani saurayi ya ce, "Ɗan dambe da leda a ciki? To ya cire mu gani!"

Na yi wa Sayid magana da Faransanci a hankali. Ya miƙe ya ɓalle salatif ɗin, ya yaye ledar. Gumi ya zubo ƙasa kamar an juye buta. Sai wata mai sayar da ƙosai ta fashe da dariya ta ce, "Kai, wannan ai dafa kansa yake yi!" Dariya ta kama mutane, duwatsu suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Na durƙusa na gaida dattijon. Na ce, "Baba, me ya sa ka tsaya masa? Ba ka ji tsoro ba?"

Ya ce, "Na ji mana. Amma yaron nan wurina ya fara zuwa yana tambayar hanya da hannu, yana haki. Wanda ya zo kashe mutane ba ya tsayawa tambayar hanya. Na ba shi ruwa ma, kurkure baki kawai ya yi ya zubar. Na ce ko azumi yake yi."

Hamman ya kwashe mu, ya bi wasu lunguna da ban san da su ba. Muka shiga ɗakin awo ana kiran ajin Sayid. Likita ya duba shi ya yi ta faɗa, ya ce da ya ƙara gudun nan da sai dai a ɗauko shi. Ya hau sikeli, alƙali ya duba ya gyaɗa kai. Madam Rukiya ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da gyalenta. Oga Sambo kuwa da ya ji yadda aka yi, sai ya sa aka ƙara masu gadi a ƙofar baya, ya kuma hana kowa fita ba kati. Ni kuwa sai ya dafa kafaɗata.

Sayid ya ci karawarsa ta farko da yamman nan, ya faɗi a ta biyu. Bai samu lamba ba. Amma kafin su tafi, tawagar gaba ɗaya suka cika bas ɗinmu muka je rumfar faci, suka ba dattijon rigar ƙasarsu. Ya sa ta a kan jamfarsa nan take, masu keke suna tafi.

Abin da na koya shi ne, babbar ƙasa in ta rasa ɗan wasa ɗaya tana da wasu a benci. Ƙaramar ƙasa kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da sunanta duka, shi ya sa yake iya yin abin da zai halaka shi don kada ya ba da kunya. Saboda haka in an ba ku baƙi, kada ku tsaya kan mota da abinci kawai. Ku san abin da ke damun kowannensu tun kafin ya yi wa kansa magani. Kuma in wani ya ɓace, kada ku yarda a rubuta cewa ya gudu sai kun fita da ƙafarku kun nema.