Tsanin da Ba Ya Cikin Inshora

A ƙarshen layin masu kayan gini akwai wani shago mai ƙofa ɗaya da ƙaramar taga. Yanzu caja da murfin waya ake sayarwa a ciki, amma idan rana ta gasa bangon, har yau ƙamshin katako yakan fito, kamar ɗakin bai yarda an sayar da shi ba. A nan Baba Kafinta ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi tsaye da zarto a hannu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗu, fensir a bayan kunne ko da gidan gaisuwa za shi. Farcen babban yatsansa na hagu ya daɗe da yin baƙi saboda shan guduma, ya kuma daina jin zafi. Ba shi da yawan magana. Idan yana awon katako leɓensa kawai ke motsi, wanda ya yi masa sallama a lokacin sai ya jira.

Abin da aka fi saninsa da shi wata doka ce da ya gada daga ubangidan da ya koya masa sana'a: ba ya ɗaga guduma sai an ajiye masa kafin alƙalami, komai ƙanƙantarsa. Baƙi sukan ɗauka son kuɗi ne, sai su ga ya karɓi abin da ba zai sayi ashana ba ya yi aikin yini guda. Shi a ganinsa, wanda aka yi wa aiki kyauta an ɗaure masa baki. In kujera ta karkace ba zai iya dawowa ya ce ta karkace ba, sai ya yi ta zama a karkace yana godiya. Wanda ya biya kuwa yana da bakin magana. Ko matarsa ba ta tsira ba. Da ta nemi ya kafa mata kantar jera kwanuka, sai da ta kwance bakin zane ta ba shi, ta kuwa ci moriyar kuɗinta, don ta yi ta sa shi yana cirewa yana mayarwa har ya ce gara ya yi wa hukuma aiki.

'Ya'yansu sun girma sun watse. Ta ƙarshen, wadda kowa ke kira Auta, aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa da sanyi, inda mijinta ke aiki. Da ta haihu ta aiko iyayen su zo su ga jika. Uwar ta ce ita ba ta hawa abin da ba ya tsayawa a hanya mutum ya sauka ya sha iska, maigidan ya je ya gano musu, ya dubo ko hancin yarinyar irin na gidansu ne. Haka tafiyar ta faɗo kansa shi kaɗai.

Ba a ba da biza sai da inshorar tafiya, don haka ya sa rigarsa mai kyau ya je ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar da ya samu mai haƙuri ce. Ta bayyana masa cewa in ya yi rashin lafiya ko haɗari a can, kamfani zai ɗauki nauyin asibiti, sannan ta karanta masa abubuwan da ba sa ɗauka. Tsohuwar cutar da mutum ya san yana da ita ya ɓoye. Abin da ya samu mutum yana cikin maye. Hawan duwatsu da nutso a teku da irin wasannin ganganci. Shiga ƙasar da ake yaƙi. Jakar da mutum ya ajiye ya juya mata baya. Yana ta dariya yana cewa 'yar nan ta dube shi da kyau, ta ga ya yi kama da mai nutso a teku? Da ta zo kan aikin hannu na kuɗi, musamman wanda ake hawa sama, ta ɗago ta kalli hannuwansa ta maimaita masa.

Ya ce, "'Yata, hutu zan je yi. Na gaji da ƙusa, ƙusa ta gaji da ni."

Har cikin ransa haka yake nufi.

Auta da mijinta suna zaune a saman wani dogon bene. Ɗakunan ƙanana ne, masu ɗumi, komai a manne yake tsaf, babu ƙyauren da ke kuka, babu kujerar da ke rawa. Kwanakin farko ya yi su da jikar a cinya, yana kiranta amaryarsa, yana ce mata ta yi sauri ta yi haƙora kafin nasa su ƙare. Amma jariri barci ne aikinsa. Surukin yana fita da sassafe, Auta tana fama da wanki da jego, talabijin kuwa da yaren da ba ya ji take magana. Sai ya koma zaman bakin taga. Auta takan gan shi yana shafa gefen tebur da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin dabba. Hannuwan nan sun zama baƙi biyu a jikinsa, bai san inda zai saukar da su ba.

Daga tagar yana hango kantin da ke ƙasan benen, na wani dattijo mai sayar da kayan marmari. Rumfar gaban kantin ta saki ta gefe ɗaya, duk iskar da ta taso sai ta ɗaga ta ta maka. Ya yi ta kallonta tana damunsa kamar tsakuwa a takalmi. Wata safiya ya sauka. Ba su da yare ɗaya shi da mai kantin, amma yatsa ya nuna rumfa, kai ya gyaɗa, aka fito da tsani da akwatin kayan aiki daga bayan kanti. Kafin ya taɓa komai, Baba Kafinta ya miƙa tafin hannu. Mai kantin ya yi turus, ya buɗe aljihun tebur zai ciro takardun kuɗi, shi kuwa ya girgiza kai ya nuna ƙaramin sile ɗaya. Ya karɓa ya jefa a aljihu, suka yi dariya tare, ya hau.

Mai kantin ya ce daga baya bai taɓa ganin fuskar mutum ta sake haka ba. Tsohon yana sama, ƙusa a baki, yana wani ɗan gunaguni mai kama da waƙa. Ruwan da aka wanke gaban kanti da shi ne sanyi ya daskarar a ƙarƙashin ƙafar tsanin. A garinsu ruwa bushewa yake yi, bai san yana zama gilashi ba. Tsanin ya zame, ya faɗo da shi.

Ƙashin ƙugunsa ya karye wuri fiye da ɗaya. Likitoci suka yi masa tiyatar gaggawa suka haɗa abin da ya haɗu, suka ce wa Auta saura babbar tiyata, wadda za a sa masa ƙarfe a madadin ƙashin. In an yi ta zai tashi ya taka. In ba a yi ba, zama ya same shi. Tsadarta ta fi ƙarfin surukin, asibiti kuma yana jiran amsar kamfanin inshora, kamfanin yana so ya ji daga bakin mai ciwon yadda abin ya faru.

Auta ta karanta sharuɗɗan, ta gane inda ramin yake. Ta sauka wurin mai kantin, wanda da hawaye ya ce shi a shirye yake ya ce bai ba da ko ƙwandala ba, baƙo ne kawai ya riƙe masa tsani ya zame. Ta dawo ta zauna a gefen gadon mahaifinta, jaririya a kafaɗa, ta yi ta bi da shi ta lalama. Ta ce ba ƙarya ba ce sosai, ai silen bai kai kuɗi ba. Ta tuna masa shagonsa, ta tuna masa tsohuwar da ke jiransa, ta ce kamfanin nan ba zai ko ji a jikinsa ba.

"Baba, kalma ɗaya ce. In sun ce an biya ka, ka ce a'a. Don Allah, Baba."

 Shi kuwa sai ya tambaye ta ko rumfar ta tsaya. Ta ce rumfa ta ci gidansu, ita ƙafarsa take magana.

Washegari da hantsi aka kira daga kamfanin. Auta ta ajiye wayar a kan filo, muryar wata mata tana tambaya, wani tafinta yana fassarawa. An tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. An tambaye shi wa ke kan tsanin, ya ce shi ne. Auta ta kama yatsun ƙafarsa ta cikin bargo ta matse. Sai tafintan ya ce ana tambaya, taimako ne ya yi, ko an ba shi wani abu?

Ya ji matsar hannun 'yarsa. Ya san abin da a'a za ta saya masa, ya kuma buɗe baki da niyyar faɗarta, wannan shi da kansa ya gaya wa matarsa daga baya. Amma harshen da bai taɓa cewa ya yi aikin kyauta ba ya ƙi juyawa.

Ya ce, "An biya ni. Ni na nema."

Auta ta saki ƙafar, ta ɗauki 'yarta ta fita baranda. Matar da ke waya ta yi masa fatan samun sauƙi cikin ladabi.

Amsar ba ta ɗauki lokaci ba, kuma babu zalunci a cikinta da za a kama: abin da aka karanta masa tun a gida shi aka maimaita. Kamfani bai biya babbar tiyatar ba, bai biya ta farkon ba. Surukin ya kwashe abin da ya tara, yayyen Auta suka haɗa nasu, da bai isa ba aka sayar da shagon da injin yankan katako da ke ciki. Auta ta yi jinyarsa ba ta gaza da komai ba, tana ba shi abinci a baki, tana juya shi, amma hirar da ke tsakaninsu ta ƙafe. A filin jirgi ta durƙusa ta gyara masa bargo a kan gwiwa, ta ce ya gaida Mama, ba ta ƙara ba.

Ya koma gida a keken marasa lafiya. Abokan sana'a suka zo dubiya, wasu suka ce ya yi abin da ya dace, wasu suka jira sai sun fita ƙofa suka ce taurin kai ne.  Tsohuwar kuwa ta saurari labarin duka, ta tambayi hancin jikar, ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Yanzu ita ke ɗaga shi. Kowace safiya takan jawo keken ta manna shi da gado, ta taka birkinsa, ta sunkuya ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa. Mace ce ƙarama, ta kuma girme wa irin wannan aiki. Yana jin numfashinta yana sarƙewa a kunnensa, yana jin ƙashin bayanta yana ƙara, kuma a wannan ɗan tsakanin, yana rataye tsakanin gado da keke, nan ne kaɗai yake shakkar amsar da ya bayar. Shi ya faɗi gaskiyarsa sau ɗaya ya huta, ita ce ke ɗaukarta kullum.

Wata safiya, suna cikin haka, ya ce mata a hankali, da ya ce a'a da yanzu bayanta na hutawa.

Ba ta tsaya ba, don in ta tsaya a rabi su biyun za su zube.

Ta ce, "Malam, riƙe wuyana da kyau. Ka bar magana sai ka zauna."