Fetur a Tankin Gas

A duk layinmu a unguwar Turaki ni kaɗai ne mai ƙaramar mota da take shan gas, wato man dizal, kuma ina ji da ita. Mutane sun ɗauka gas na manyan motoci ne da injin niƙa. In na tayar da ita da safe tana kaf-kaf-kaf, matan maƙwabta kan aiko suna zolayata wai ko an fara karɓar niƙa ne. Ban taɓa damuwa ba. Ina juye mata baƙin mai a kan lokaci, ina canja filta tun bai toshe ba, ba na tayar da ita sai wutar hita mai ɗumama injin ta ɗauke, ba na kuma sayen man jarka na bakin hanya. Ita ma ta riƙe amana, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba.

Ba na son ba da aronta, amma akwai mutum ɗaya da ba zan iya hanawa ba. Maƙwabcina ne, Bamumuye, dattijon coci, wanda ya taya ni haƙa rijiyar gidana, kuma duk kaka sai doyarsa ta shigo mana. Wata Lahadi ya ce zai kai surukansa ɗaurin aure, na miƙa masa makulli. Da yamma ya dawo da ita a wanke fes. Na leƙa na ga allurar mai ta hau sama, alhali saura kaɗan na ba shi. A wajenmu ko kwanon tuwo aka aiko maka ba ka mayar da shi wayam, ko gyaɗa ce sai ka zuba. Shi bai faɗa ba don kada ya zama gori, ni ma ban tambaya ba don kada ya zama raini. Na dai ce a raina Allah ya saka masa.

Washegari da hantsi ƙanena ya kira ni daga garin Lau. Dada, mahaifiyarmu, ta rasu. Ya ce za su jira mu har azahar, amma in yi sauri, bazara ce, kuma na san ba a ajiye gawa.

Na biya unguwar Sarkin Dawaki na ɗauki Yapendo, ƙanwar Dada. Tsohuwa ce, ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar muka cusa ta kujerar baya. Dada ta sha faɗa a gabanmu cewa in ta mutu Yapendo ce za ta yi mata wanka, kada wata ta taɓa ta. Maƙwabcina ya shiga gaba ba tare da na roƙe shi ba, ya ce ba zai bar ni in tuƙa ni kaɗai da wannan zuciya ba.

Tun a cikin gari na ji muryar injin ta canja, tana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙusa. Na ce ƙila kunnena ne. Da muka bar kwalta muka hau hanyar ƙasa sai ƙarfinta ya fara raguwa, ina taka totur tana shaƙewa, farin hayaƙi yana bin mu. A kan wani ɗan hawa ta yi tari ta mutu.

Na murɗa makulli, ta juya ba ta kama ba. Na sake. Na buɗe bonet ina taɓa wannan ina taɓa wancan, ban ma san abin da nake nema ba. Na ce ko mai ne bai zuwa.

Maƙwabcina ya ce, "Malam, mai yana nan. Ni da kaina na cika shi jiya."

Na ce, "Wane mai, Dattijo?"

"Fetur mana. Mai kyau, a gidan mai. Ban saya na jarka ba, na san ba ka so."

Na buɗe murfin tanki na sansana. Wallahi da wani ne da na shaƙe shi. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda fuskarsa ta zube, sai na juya na harbi taya har ɗan yatsana ya fashe.

Babura suna wucewa jefi-jefi. Da ni kaɗai ne da tuni na haye ɗaya, amma Yapendo ba ta iya zama a babur, ni kuma ba zan isa gaban gawar Dada in ce na bar ƙanwarta a daji ba. Motar haya guda da ta wuce a cike take, har da mutane a kan but. Maƙwabcina ya tsayar da wani mai babur, suka tafi ƙauyen gaba wajen mai injin niƙa neman gas. Ni na kwanta a ƙasa mai zafi na kwance tiyon tanki, fetur yana zuba a bokitin da na aro wajen wasu mata masu ɗiban ruwa, yana gangarowa ta hannun rigata. Ina kallonsa yana tsiyaya a hankali, ina kallon inuwar motar tana tsukewa.

Ƙanena ya kira, na ce mun kusa. Ya sake kira, na ce a ƙara mana haƙuri.

Da gas ya iso muka zuba, amma injin gas ba a zuba masa mai kawai a tayar. Sai an fitar da iskar da ta shiga hanyar man. Na sassauta ƙusar filta, maƙwabcina yana danna ɗan famfon hannu, kumfa tana fita tana fita ba ta ƙarewa. Yana dannawa yana cewa, "Yafe mini, Malam."

Aka kira azahar a wani masallaci can nesa. Wayata ta sake ƙara. Ƙanena ya ce liman ya yi magana, jama'a sun daɗe a rana, kuma jikin ba zai ƙara jira ba. Ya ce ni ne babba, in faɗi abin da za a yi.

Yapendo ta miƙo hannu ta taga ta karɓi wayar. Ta ce a kira matar liman ta yi wankan, ta bi da ita a hankali ta gefen hagu, nan ne ciwon yake. Ta miƙo mini wayar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Muka ci gaba da aiki saboda babu abin yi sai shi. Batir ya yi sanyi, muka nemi samarin ƙauye suka tura, ta ƙi. Na koma na sassauta nozul, masu fesa mai cikin injin, ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin haka ƙanena ya kira, ya ce zai bar wayar a buɗe cikin aljihunsa. Na tsaya a gaban bonet, hannuna duk baƙin mai, ko alwala ba ni da ita. Na ji motsin sahu, na ji liman ya yi kabbara. Maƙwabcina ya cire hularsa ya saki famfon. A tsaye a bakin hanyar Lau na saurari sallar uwata ta cikin aljihun wani, har aka yi sallama.

Bayan nan na ɗaure nozul na ƙarshe, samarin suka sake turawa, ta kama lafiya lau. Yapendo ta ce in tafi a hankali, yanzu babu sauri.