Tsakon da Ya Tsayar da Motar Kasuwa

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wata lakwal a Mayahi, na je hutu gida, ƙauyenmu da ke gab da Hawandawaki. Ranar komawa innata ta haɗa mini guzuri cikin gaggawa: wake, kuka, da ƙwai a 'yar ƙwarya, ta binne su cikin ƙaiƙayi don kada su fashe. Kaji biyu ke zama bayan rumbunmu, ɗaya na saka, ɗaya na kwanci. Ashe a gaggawar nan hannun inna ya kai ƙarƙashin mai kwancin.

Na samu wuri a gaban motar kasuwa mai zuwa Tasawa, tsakanin shofer da wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da man shanu. Maza na baya bisa buhuna. Ƙwaryar tana kan cinyata, rana kuma ta gasa mu.

Mun yi nisa cikin rairayi sai shofer ya karkata kai, ya ɓata fuska.

"Kun ji abin da nike ji?"

Muka saurara. Wani ɗan tsi-tsi ne siriri. Ya ce bel ne zai tsinke, ya tsaya, ya kashe mota, ya fita ya ɗaga murfin gaba. Mazan baya suka diro, kowa na faɗin nasa sani. Wani alhaji mai fataucin wake ya rantse ruwan inji ne ya tafasa.

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta dube ni, ta dubi cinyata.

"Ɗiyata, mota a kashe take, kukan kuwa bai daina ba. Mi ke cikin ƙwaryar nan?"

Na tona ƙaiƙayin. Ga wani ƙwai da 'yar huda a gefe, ɗan baki ja-ja na leƙowa yana buɗewa yana rufewa. Na ƙwala ihu, na kusa sakin ƙwaryar. Shofer ya leƙo ta taga, hannunsa duk baƙin mai.

"Madam, ke ce kika lalata mini mota?"

Dariya ta kece. Alhaji har da riƙe ciki. Nan take aka manta da inji, aka kewaye ƙofa. Wani ya ce a fasa kawai, wani ya ce a bar shi ga Allah. Ni kuwa ina dariya ina tambayar kowa, "To yaya zan yi? Yaya zan yi?"

"Ku ja baya, kun tare iska," in ji tsohuwar. Ta karɓi ƙwan, ta juya shi. Ta ce tantanin ciki ya bushe ya manne masa, shi ya sa ya kasa juyawa. Idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa, don haka ta mayar mini. "Ke za ki yi, ni in faɗa miki."

Shofer ya kawo bidon ruwansa, wanda rana ta ɗumama. Na jiƙa bakin mayafina ina ɗiga wa tantanin har ya yi laushi. Sannan na riƙa ɓalle ɓawon da farce, ɗan mitsitsi-mitsitsi. Da na ga ɗigon jini sai na tsorata.

"Inna, jini!"

"Tsaya nan. Bai shirya ba. Rufe shi da tafinki."

Muka zauna jira, mota guda cur, a tsakiyar gonakin hatsi. Alhaji da ke ta cewa kasuwa za ta watse masa, shi ne ya cire hularsa yana yi wa ƙwan inuwa. Wani mai amalanke ya zo wucewa, ya tambaya ko lafiya. Shofer ya ce, "Lafiya lau, haihuwa ake."

Da tsohuwar ta ba ni izini na ci gaba, na kewaye ɓawon. Sai na ji tsakon ya yi wani yunƙuri a tafina, ya tura, ya sake turawa, ya zubo gaba ɗaya, jiƙe sharkaf, wuya kamar zare. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa. Ni ma na yi, ni da ban taɓa iya guɗa ba, muryata ta karye a tsakiya, aka sake fashewa da dariya. Mazan suka riƙa yi mini barka ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa da gaske.

Tsayawar da muka yi ta sa tayoyi sun nutse a rairayi. Maza suka tura suna ta raha, mu kuwa aka ce masu jego ba su sauka.

Tsohuwar ta sa na cusa shi cikin rigata don ya ji ɗumi. Kafin mu isa Tasawa ya bushe, ya zama ɗan dunƙulen auduga mai ruwan ƙasa, yana yi mini cakulkuli, ina ta zabura. A tasha ta shafa kansa da yatsa, ta ɗauki ƙwaryar manta ta shige kasuwa.

A Mayahi na sa shi cikin kwali, ina jiƙa masa tsakin hatsi. Ya girma ya zama kaza mai rigima, wadda ta fi son kwanciya bisa sirdin babur ɗin diraktan lakwal ɗinmu. Kullum in an tashi sai ya tsaya yana lallashinta ta sauka.