Rufi Mai Hawa Bakwai

A gidanmu na unguwar Ƙurban, in sanyi ya shigo Madina, kakarmu Hajja Dije takan hura gawayi a kasko bayan magariba, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta duk na Kano ne, ban da guda ɗaya da ta ji a bakin wata maƙwabciyarta 'yar Tailan, wadda aikin hajji ya kawo ta zauna. Wannan tatsuniyar ce ba ma so, ita kuma Hajja ta fi maimaitawa.

"Ga wata nan ta taso daga nesa," in ji ta.

Mu ce, "Aiwa, Sitti, ta ƙaraso." Sitti muke kiranta, wato kaka da Larabci.

Wai a can, rufin fada hawa-hawa ake yin sa, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har a ƙare da dogon tsini mai ruwan zinariya. Hawa bakwai na sarki ne shi kaɗai. To, akwai wani masassaƙi da ya tsufa yana yi wa sarki irin wannan rufi. Rannan 'yarsa tilo ta rasu. Ya sassaƙa ɗan ƙaramin rufi, bai fi kamu ɗaya ba, ya kafa a kan makwancinta don kada ruwan sama ya dake ta. Hannunsa ya riga ya saba, bai ankara ba ya yi bakwai.

Dogarai suka zo suka ƙirga. Aka ƙone rufin, aka sare masa hannun dama. Da yake tsinin sabuwar fada bai kammalu ba, sai aka tsayar da shi a gindinta kullum, yana gaya wa masu hannu yadda za su yi.

Yayata Maryam ta ce, "Daga nan fa, Sitti?"

"Daga nan me? Aka gama fada. Ta yi kyau ƙwarai. Ku shanye shayinku."

Na daɗe ina zaton gargaɗi take mana kada mu wuce matsayinmu. Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa kakanmu magini ne. Ya faɗo daga saman wani otal da ake ginawa, aka lulluɓe shi da buhunan siminti, kafin la'asar an koma aiki. Hajja ba ta taɓa ba mu wannan labarin ba, na masassaƙin ne kawai bakinta ya iya ɗauka.

Har yau ban san wane otal ne ba. Mahaifiyata ta sani, amma ta ƙi nuna mini. Ta ce, "Bar shi, baƙin Manzo ne ke kwana a ciki."