Akori-kurar Baffa Sule

Duk wanda ya san Baffa Sule a Hunkuyi ya san ba ya buɗe bonet sai ya saurari mota tukuna. Zai tura hula ƙeya, ya kafa kunne a jikin tsohuwar akori-kurarsa, ya sa wanda ke kan sitiyari ya murɗa ki. Injin ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar likitan da mara lafiya ke yi wa bayani. Daga nan ya miƙe ya faɗi maganar da duk muka haddace: motar da ke juyawa ta ƙi tashi, ɗayan uku ta rasa, ko mai, ko wuta, ko iska. Ƙanen mahaifina ne, malamin allo kamar sauran mazan gidanmu, bai taɓa koyon kanikanci wurin kowa ba. Wannan bai hana shi yi wa makanikai gyara ba.

Allurar da ke nuna mai ta mutu tun kafin ya sayi motar, saboda haka da karan dawa yake awo. Wata rana ta mutu mana a hanyar Paki, mu huɗu a ciki. Ya zura kara a tanki, ya fito a bushe ƙamas. Na ce masa cikin ladabi, ai mai ne ya ƙare. Ya ce bai ƙare ba, gefe guda ya koma, mu kama mu jijjiga ta. Muka yi ta jijjiga har gumi ya jiƙa mu. Abin haushi, sai ga ta ta tashi. Ta yi tafiyar da ba ta wuce tsawon gona guda ba, ta sake mutuwa.

"To, kai da ka ce babu," in ji Baffa, "wannan me ta sha?"

Gwajin wuta kuwa, ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya fara ba da shawara shi zai riƙe wayar fulogi. Maƙwabcinsa Malam Habu, wanda ya yi ritaya daga ofis a Kaduna, ya taɓa zuwa ya tsaya da hannu a baya yana bayanin cewa batir ne. Baffa ya yaba ilminsa ƙwarai, ya miƙa masa waya, ya ce mini in murɗa. Malam Habu ya yi wani tsalle, takalminsa ɗaya ya faɗa kwata. Baffa ko kallonsa bai yi ba, ya ce alhamdulillahi, wuta lafiya, saura biyu. Tun daga ranar Malam Habu daga tsallaken titi yake gaisuwa.

Iska ce ta hana ta tashi a wannan karon. Motar ta yi wata guda a ajiye kusa da rumbu, ɓera ya cika tukunyar da iska ke bi ta shiga injin da masara. Baffa ya kwashe ta tsaf a kwano, ya bushe ƙurar, ya kai wa matarsa Inna Hajara, ya ce a haɗa da ta niƙa, ai tasu ce dama.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta tumatir. An yi wa motar lodin kwanduna na manoma biyar, za a kai kasuwar Makarfi. Aka murɗa ki, ta juya, ta ƙi tashi. Mai cike, iska lafiya, amma a fulogi babu ko ƙyalli. Rana ta ɗaga, tumatir ya fara tsatsafo da ruwa ta ƙasan kwanduna, masu kaya suka daina dariya, don noman raninsu ke nan kacokan. Ɗayansu ya hau babur ya ɗauko makanike. Baffa ya yarda ya duba, amma da ido. Sai da dattawa suka sa baki ya bari ya taɓa. Makaniken ya buɗe murfin da ke raba wa fulogai wuta, ya leƙa, ya ɗago ya ce ɗan abin da ke juyawa a ciki, wanda suke kira rota, babu shi. Wani ya cire.

Baffa ya fara wa'azi a kan lalacewar zamani da ɓarayin da ba sa tsoron Allah. Yana tsakiyar aya sai ya shafa aljihu. Ashe shi yake cire rotar kullum da yamma saboda ɓarayi, ya jefa a aljihun riga, bai taɓa gaya wa kowa ba. A ranar Inna ta wanke rigar. A aljihun rigar, kan igiyar shanya, muka samo rotar, ta sha sabulu. Aka goge, aka mayar, murɗa ɗaya ta tashi. Tumatir ya isa kasuwa da ƙyar, rabinsa ya yi laushi. Mun zaci yau dai Baffa zai amsa laifi.

"Kun ga ingancin dabarar," ya ce. "Mai motar ma bai iya tafiya da ita ba, balle ɓarawo."

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ana zaman makoki wata mata daga wani ƙauye wajen Furana ta zo da 'yarta, ta ce a kira mata ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa. Na fita zaure. Ta ce shekarun baya naƙuda ta kama ta a bakin hanya, ita da surukarta, motoci na wucewa, shi kaɗai ya tsaya. Kafin su kai asibitin Ikara motar ta mutu, ta ƙi tashi. Ya cire babbar rigarsa ya kare bayan motar da ita, ya koma nesa ya juya baya, ya yi ta karatu da ƙarfi don ta san bai tafi ba, har ya ji kukan jaririya. Ta nuna yarinyar, ta ce wannan ce, a ƙauyensu Ta-mota ake ce mata.

Na tuna ranar da ya dawo gida ba riga, daga shi sai 'yar ciki. Da muka tambaya, cewa ya yi famfon mai ne ya ba shi wahala.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya suturta baiwar Allah nan a kan hanya, Allah Ya suturta shi ranar tsayuwa. Amin.