Tulun Kaka a Gindin Tsamiya

Jiya da la'asar sakaliya wata mai tallan kuɓewa ta roƙi ruwa a ƙofar gidana, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Kaka ba ta zuwa cefane. Takan ce, "Kasuwar safe ta mai kuɗi ce, ta yamma ta mai haƙuri." Shekarar da aka kwashi Baba aikin hanyar jirgin ƙasa, abin hannunmu ya ƙare, Innata kullum cikin tagumi. Kaka kuwa ta sa na kai mata tulu gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Tudun Wada, inda matan ƙauye ke bi in kasuwa ta tashi. Ta zauna tana kaɗi abinta.

Har yau ina jin ƙamshin ƙasar tulun nan da sanyin ruwansa. Wata mata ta sauke ƙwarya, ta sha, ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce wa Kaka, "Inna, ragowar kuɓewa ce da daddawa. Wallahi ba na son komawa da su."

Kaka ta kwance 'yan kuɗin wurin da ke bakin zanenta. Matar ta juye mata duka, har da gyaran barkono.

Na ce, "Kaka, wayo kika yi mata?"

Ta dungure mini kai. "Ke! Ta huta da kaya, mun huta da yawo. Wa aka cuta?"

Har Baba ya dawo ba mu ci tuwo gaya ba.

Allah ya shayar da Kaka ruwan Alkausara, kamar yadda ta shayar da masu wucewa.